Mun Hutar da Inna

Har gobe idan na ji wani yana bugun ƙirji a cikin mutane, wai shi ya hutar da uwarsa, ko tsinke ba ya bari ta ɗaga, sai in ji raina ya ɓaci. Nakan so in ja shi gefe in tambaye shi yaushe rabonsa da ya dubi yadda tsohuwar take tashi daga tabarma. Ba na yi, don an ce ni malamar makaranta ce, ya kamata in san abin da ya dace. Amma mu ma mun hutar da tamu, kuma da idona na ga inda hutun ya kai ta.

Mu uku ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna. Yaya shi ne ɗan fari, ma'aikacin gwamnati ne a Abuja. Sai ni, ina aure a Gummi, ina koyarwa a firamare. Sai autanmu, manomi, wanda ya zauna a gidan mahaifinmu a 'Yargalma, shi da matarsa da Inna. Baba ya daɗe da rasuwa. Ba wanda ya san shekarun Inna daidai, mu dai muna yi mata kirdadon saba'in.

Saba'in ɗin ba su hana ta komai ba. Kafin rana ta fito ta share tsakar gida, a duƙe, da guntuwar tsintsiyarta. Ita ke ja wa kanta ruwa a rijiya. Ita ke dakan furarta, don ta ce furar inji ba ta da ɗanɗano. Taɓaryarta ta kirya ce, da ita aka kawo ta gidan miji. Tsakiyarta ta sirance ta yi sheƙi saboda hannu, nauyinta kuwa ni da nake 'yarta sai da nishi nake kai ta sau ashirin. Idan daka ya yi wa Inna daɗi takan cilla ta sama, ta tafa, ta cafe. Ba ta taɓa riƙe sanda ba, tana ma yi wa tsararrakinta masu sanda tsiya, wai sun yi auren dole da icce.

Sallarta doguwa ce. Ba ta da karatu mai yawa, 'yan surorin da ta sani ne take ja a hankali, tana tsaye ƙyam. Muna yara mun sha fakewa da tsawon sallarta mu shiga ɗaki mu ɗebi ƙuli-ƙuli, mu cinye, mu goge baki, ba ta kai ruku'u na biyu ba.

Sai shekarar nan ta zo da gubar dalma ta shiga garinmu ta bi yara. Maza suna kawo duwatsun zinariya gida ana farfasawa ana niƙawa, ƙurar ta zauna a ko'ina, a ƙasar da jarirai ke rarrafe. Ba zan tsaya kan wannan ba, ba gidan da bai yi kuka ba. Daga baya ma'aikata suka zo suka bi gida-gida suna kankare ƙasar tsakar gida, suna zubawa a buhuna ana fita da ita, ana kawo sabuwa mai tsabta daga daji ana shimfiɗawa. Ba ni da abin cewa a kansu sai godiya, don da ba su yi haka ba, Allah kaɗai ya san yaran da za su rage.

Amma daɓen gidanmu na shekara arba'in ne, ya tafi a buhu. Sabuwar ƙasar da aka zuba sakwaf take. Da damina ta bi ta kanta sai ta zauna, wani wuri ruwa ya kwashe. Daidai ƙofar ɗakin Inna, inda indararo ke zuba, ƙasa ta lotsa kusan taƙi guda. Ƙafar Inna kuwa ta haddace tsayin dokin ƙofar nan tun kafin a haife ni. Wata safiya ta fito da ƙwaryar gero a hannu, ta miƙa ƙafa inda ta saba samun ƙasa, ba ta same ta ba. Ta faɗi, ta yi targaɗe a idon sawu. Aka ja mata, aka ɗaure, cikin mako guda ta warke.

Washegarin faɗuwar autanmu ya ɗebo ƙasa kwando biyu ya cike ramin, ya bubbuge shi da bayan fartanya. Aikin bai kai sa'a guda ba. A nan ya kamata magana ta ƙare.

Sai Yaya ya zo daga Abuja. Dole in faɗi wani abu game da shi da Inna, don duk abin da ya biyo baya a kansa ya rataya. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, saboda kunyar ɗan fari. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta musu da shi, ba ta ce masa a'a. Idan ya gaishe ta sai ta amsa tana duban bango. Idan tana da magana da shi, ni take gaya wa, ko da yana zaune a wurin, ni kuma in juya in maimaita masa. Haka muka taso muka gani, kuma ba mu taɓa jin wani abu ne ba.

Ya tara mu a tsakar gida ya yanke hukunci. Daga yau ba daka, ba shara, ba rijiya. Ya ce abin kunya ne a ce uwarsa, ga 'ya'ya ga suruka, tana faɗuwa da ƙwaryar gero a hannu. Me mutanen gari za su ce? Wannan ita ce tambayar da ta fi damunsa, ya maimaita ta ya fi sau uku.

Inna ta dubi bango ta ce da ni, "Hwaɗa mai ba ƙahwata ta ba. Ƙasa ta anka sauya."

Na gaya masa. Ya yi 'yar dariya ya ce da Hausarsa da ta koma irin ta rediyo, "Tsofaffi ke nan, ba sa yarda sun tsufa." Ni ma na yi dariya. Ina tuna wannan dariyar tawa, kuma har yau ina jin haushinta.

Bayan wata biyu na je gida, matar autanmu ta ja ni bayan rumbu ta tsegunta mini cewa Inna tana satar daka idan an tafi gona. Yarinyar kirki ce, tsoro take ji kada wani abu ya faru a ce ita ce ba ta kula ba. Ban yi shawara da kowa ba. Da zan koma sai na ɗauki taɓaryar na naɗe ta a buhu, na sa mai babur ya ɗaure ta a baya. Inna tana zaune a bakin ƙofa tana kallona. Ba ta hana ni ba.

Abin da kawai ta ce shi ne, "In kin tahi da ita ki riƙa daka da ita. In anka aje ta, tsagewa taka yi."

Na ce to. Da na isa Gummi na jingine ta a bayan madafa, don ni inji nake kai hatsina. Na buga wa Yaya waya na gaya masa abin da na yi, ya sa mini albarka, na kwana ina jin ni 'yar halak ce.

Haka muka zaunar da ita. Ana kawo mata ruwan alwala har gabanta. Ana kawo mata abinci har gabanta. Idan ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya sai a yi caraf a karɓe, ana cewa haba Inna, muna nan? Mutanen gari suka yi ta yabon mu. Matan unguwa suna yi wa 'ya'yansu gori da mu.

Ni da nake zuwa jefi-jefi na fi kowa ganin abin da ke faruwa, don wanda ke tare da mutum kullum ba ya ganin ramarsa. Shekarar farko ta fara dafa gwiwa idan za ta tashi. Ta biyu sai ta dafa bango. Ta uku na ga sanda a jingine a ɗakinta, irin wadda take yi wa ƙawayenta tsiya a kai, ba wanda ya yi maganarta. Duk abin da na gani sai in ce tsufa ne. Kalmar nan tana da daɗin faɗi, ba ta ɗora wa kowa laifi.

A shekara ta huɗu na shiga ɗakinta da la'asar na tarar tana sallah a zaune. Na tsaya a bakin ƙofa har ta sallame. Ba ta dube ni ba. Na yi ƙoƙarin lallashinta, na ce ai sallar zaune ta halatta ga wanda ba zai iya tsayuwa ba, ladanta yana nan.

Ta ce, "Na san ta karɓu. Malam ya hwaɗi, ni ma na jiya. Amma ni dai ina son in tsaya gaban Ubangijina da ƙahwahuna kamin in mutu, ko raka'a biyu ta."

Ba ta taɓa roƙon mu Makka ba, ba ta taɓa roƙon mu zane ba. Wannan kaɗai na taɓa ji ta ce tana so.

Shekara biyu bayan haka ta yi tuntuɓe sau biyu a cikin ɗaki, Allah ya tsare ba ta ji ciwo ba. Da labari ya kai wa Yaya sai ga shi da rani, da babbar waya irin ta shafawa da farar kujerar roba a bayan mota. Ya ce ya yi bincike, yanzu duniya ta ci gaba, akwai manhajar da ke koya wa tsofaffi motsa jiki don kada su riƙa faɗuwa. An zuba masa bidiyon duka a cikin wayar, ba sai da sabis ba. Idan aka kunna, wata tsohuwar Baturiya ce ke fitowa cikin wando, gashi fari fat, tana murmushi kamar an yi mata albishir. Tana dafa bayan wata ƙatuwar kujerar katako, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta sauke, ta yi ɗage, ta zauna, ta tashi, wata murya tana ƙirga mata da Turanci. Idan aka kai ƙarshen na ranar sai wayar ta yi ƙara ta ba da tauraro ɗaya.

Wato mutumin da ya hana uwarsa duƙawa ta yi shara, shi ne ya tuƙo mota tun daga Abuja ya kawo mata Baturiyar da za ta koya mata duƙawa. A lokacin ban ga abin haka ba. Cewa na yi Allah ya saka masa da alheri.

Ya koya wa matar autanmu yadda ake kunnawa, ya koma. Autanmu yana kai wayar caji ranar kasuwa. Duk Juma'a Yaya zai kira, a je gindin tsamiyar bayan gari inda ake samun sabis, ya tambaya taurari nawa. Ana ce masa bakwai. Wata uku ana ce masa bakwai, kuma ba ƙarya ake yi ba, taurarin suna nan reras a cikin wayar.

Da ƙaramar Sallah muka haɗu duka a gida. Bayan an ci abinci Yaya ya fito da kujerar tsakar gida, ya kunna wayar, ya ce Inna ta taso ta nuna masa inda aka kai. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Can sai matar autanmu ta fashe da kuka. Ashe Inna ko sau ɗaya ba ta taɓa yi ba. Yarinyar ce ke kunna wayar kowace safiya ta ɗora a kan murfin randa, Baturiya ta yi ta ɗaga ƙafarta ita kaɗai har ta gama, tauraro ya fito.

Ni dariya ta kusa kuɓuce mini. Yaya kuwa ya hau yarinyar da faɗa a gaban mijinta, ya kira ta maƙaryaciya, ya ce idan uwarsa ta faɗi ta karye ita ce sila. Autanmu ya sunkuyar da kai, ba ya iya ɗaga murya gaban babban wansa. Ita kuwa ta juyo wajena tana share hawaye.

"Malama, mi za ni yi? In na ce ta tashi, ta ce in ba ta wuri. Shi kuma kullum taurari shika tambaya."

Da Yaya ya huce sai ya sauya dabara, kuma a nan ne ya fi yin ɓarna. Ya dube ni ya ce, "Gaya mata likitoci sun tabbatar, idan ta yi wata uku tana yi, za ta koma sallah a tsaye." Ni ce na taɓa gaya masa burin nata a waya, shi ya riƙe.

Ban ma kai ga maimaitawa ba. Inna ta sauke mayafin. A iya sanina ranar ce ta fara juya fuskarta sosai wajen da yake zaune. Ta ce, "Tsaye?" Sai ta tuna, ta mai da idonta bango. "Hwaɗa mai na yarda. A daina yi ma ɗiyar mutane hwaɗa. Amma ba mai ganina."

Na karɓi wayar na kalli bidiyon tun daga farko. Kafin Baturiyar ta fito akwai rubutu, na karanta musu a fili: a yi amfani da kujera mai nauyi wadda ba ta zamewa, kuma wani ya tsaya kusa. Yaya ya bubbuga kujerar roba ya ce wannan ai sabuwa ce gal. Mai tsayawa kusa kuwa, ya nuna matar autanmu da leɓe, ga ta nan.

A gidan nan aka haife ni. Na san babu surukar da za ta tsaya tana kallon uwar mijinta ta tattare zane tana ɗaga ƙafa. Na san Inna ta gwammace ƙasa ta tsage ta shige da ta yi haka a gabanta, ko a gaban autanmu. A duk duniya mutum ɗaya ne za ta yarda ya tsaya a gefenta, ni ce, 'yarta mace wadda ba ta fari ba. Na san wannan sarai a ranar, ba daga baya na gane ba. Amma na gaji da ja-in-ja da Yaya, ga jarrabawa tana jirana a makaranta. Na ce a raina saura 'yan makonni a yi dogon hutu, in zo in zauna da ita mu riƙa yi tare. Na hau babur na koma Gummi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne motsa jikin yana yi mata amfani. Matar autanmu ta gaya mini daga baya cewa cikin mako uku Inna ta fara tashi daga tabarma ba tare da ta kira kowa ba. Ta fara cin abinci sosai. Har ta fara tsokanar mutane kamar da. Kowane hantsi, idan maza sun tafi gona, yarinyar za ta kunna mata wayar ta jingine a kan akwati, ta fito da sauri kanta a ƙasa. Inna kuma ta tura ƙyaure ta sa sakata.

Saura mako guda a yi hutu aka kira ni. Na baro aji a tsakiyar darasi.

Matar autanmu tana bakin murhu ta ji ƙarar kujera, ta ji wani abu ya bugi ƙasa. Ta ruga ta tura ƙofa, a kulle. Ta yi ihu, matan maƙwabta suka shigo, babu namiji ko ɗaya a unguwar, duk suna gona. Wata ta koma gidanta ta ɗauko taɓarya suka fara dukan ƙyauren. Daga ciki suka ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

"Ku dakata! Kak ku shigo sai na ruhe jikina."

Suka dakata. Da ƙashi a karye ta ja jiki ta jawo zanenta ta rufe ƙafafunta, sannan ta ce su fasa. Suka same ta kwance a gefe ɗaya, kujerar ta baje, ƙafarta guda ta lanƙwashe. Wayar tana kan akwati tana ta ƙirge. Suna cikin ɗaga Inna, wayar ta yi ƙarar nan tata ta ba da tauraro.

Damina ta yi nisa, mota ba ta shiga garinmu. A amalanken shanu aka fito da ita zuwa inda hanya ke da dama, kowane rami sai ta cije leɓe. A asibiti aka ɗauki hoto aka ce ƙashin ƙugu ne ya karye, sai an kai ta Sakkwato an yi aiki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, mu kam a kanmu karin maganar ya faɗa daidai.

Yaya ya iso washegari. Likitan matashi ne mai haƙuri, ya tsayar da mu a baranda yana tambayoyi. Ya ce wane aiki take yi a gida. Yaya ya gyara tsayuwa ya ce ba ta komai, mun hutar da ita. Likitan ya ce tun yaushe. Aka ce shekara shida. Kafin nan fa? Na ce tana daka, tana shara, tana jan ruwa. Ya dubi takardar hannunsa. Sannan ya ce ƙafar tsoho aiki ne ke riƙe da ita, idan aka zaunar da shi naman yakan zube, ƙashin ya yi rauni. Ya ce da an bar ta da abin da take iyawa, ko da an rage mata, da ya fi. Bai yi mana faɗa ba, na so a ce ya yi.

Yana juya baya na sauke wa Yaya kwandon da na daɗe ina ɗauke da shi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Mutane suna kallo, ban damu ba.

Na ce, "Kai kaz zaunar da ita don mutanen gari su yaba ma! Ta hwaɗa ma ƙasa ta, kay yi dariya. Kak kawo muna Baturiya cikin waya, kab bar tsohuwa da kujerar roba, kai kana can kana ƙidayar taurari! Ka san ba ta iya ce ma a'a, ka sani!"

Ya bar ni har na gama. Idanunsa sun yi ja. Da ya buɗe baki, Hausar rediyon ta gudu, ta gida ce ta fito.

"Na jiya. Taɓaryar hwa, wa yaɗ ɗauke ta?"

Shi ya kafa doka daga nesa ya tafi. Inna ta samu hanyar zagaye dokar, tana dakanta a ɓoye, da an ƙyale ta da ƙila har yau tana yi. Ni ce na toshe wannan hanyar, da hannuna, har ina jiran a yaba mini. Ni ce kuma na karanta gargaɗin nan a fili, na san ba mai tsayawa kusa da ita, na hau babur.

Ban san waɗanda suka ƙera manhajar ba, ko sunanta ban riƙe ba. Ina jin sun yi ta ne don gidan da ke da ƙatuwar kujerar katako, inda tsohuwa za ta ɗaga ƙafa a gaban kowa ba ta ji komai ba. Ina jin haushinsu wani lokaci, amma ba ya daɗewa. Duk abin da Baturiyar ke yi, duƙawa da miƙewa da ɗage da tashi-zauna, Inna tana yin ninkinsa kowace safiya da tsintsiya da guga da turmi, ba wanda ya ba ta tauraro. Mu muka karɓe.

An yi aikin a Sakkwato, an ce ya yi kyau. Aka ce ta riƙa gwada takawa ana riƙe da ita. Na ɗauki hutu na zauna da ita wata biyu, kullum ina tallafe ta, amma ƙafafun babu abin da ya rage a jikinsu da zai ɗauke ta. Da na sake ta kaɗan sai ta sulale. Daga baya ta ce in bar wahalar da mu duka. Ko zaman ma ya gagare ta sai an jera mata matasai.

Kafin hutun nawa ya ƙare na je Gummi na dawo da taɓaryar. Ban san abin da nake nufi da hakan ba, ina jin neman gafara nake yi ban iya faɗa da baki ba. Na same ta inda na jingine ta shekara shida da suka wuce, a bayan madafa, yanar gizo ta lulluɓe ta. Na wanke ta, na shafe ta da man gyaɗa don ta yi sheƙi, na naɗe a buhu.

Na shiga ɗakin Inna wajen azahar na kwance buhun, na ɗora mata taɓaryar a gefenta a kan gado. Ba ta iya ɗaga ta ba, ba ta ma gwada ba. Ta dai ɗora tafinta daidai inda ya sirance, ta bi shi a hankali zuwa ƙasa. Sai na ga babban yatsanta ya tsaya. Tsaga ce, doguwa, tun daga tsakiya har kusan kai. Man da na shafa bai ɓoye ta ba.

Ta ce, "Ba ki daka da ita ba."

Na ce adana ta na yi, Inna, don kada ta lalace.

Ta daɗe tana bin tsagar da yatsa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube ni ba, bango ta duba kamar yadda take yi wa Yaya.

"Ita ma hutun kunka ba ta."

Ladan ya kira sallah. Ta ce in ɗauke taɓaryar daga gadon, in miƙo mata dutsen taimama. Na miƙa mata, na sa hannu biyu na juya ta ta fuskanci gabas. Ta yi kabbara a kwance.